Yadda ake cire manhaja daga kwamfuta gaba ɗaya, har da ragowarta a rajista

Wata Litinin da hantsi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ya shigo shagona a nan Birnin Kebbi rungume da laftof, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. "Malam, wagga kwamfuta ta ƙiya," in ji shi. "Tun shekaranjiya na goge wata manhajar zane, amma duk na kunna sai ta hiddo mini saƙo wai ba ta ga wani fayil ba. Na so in sa sabuwa, ita ma ta ƙi shiga, wai akwai tsohuwa." Na ce, "To ƙanena, ta wace hanya ka goge ta?" Ya ce ya shiga Program Files, ya nemo foldarta, ya danna Delete, ya bi ta har kwandon shara ya zubar.

Da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan ba. Abin da yaron ya yi kamar mai gidan haya ne ya rushe ɗakin ɗan haya, alhali sunan mutumin yana nan a littafin mai unguwa, yana nan a na masu karɓar kuɗin ruwa. Kullum da safe sai a zo ana sallama da shi, babu mai amsawa. Idan kuma sabon ɗan haya ya zo, a duba littafi a ce masa ɗakin da mutum.

Idan ka girka manhaja a Windows, warwatsuwa take yi. Gangar jikinta tana Program Files. Saitunanka da abubuwan da ta riƙa ajiyewa suna cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData. Abin da duk masu amfani da kwamfutar suke tarayya a kai yana ProgramData, ita ma a ɓoye. Wata manhajar takan ajiye 'yan aikinta suna gudana a bayan fage ko ba ka buɗe ta ba, wata ta sa wa kanta lokacin farkawa don neman sabuntawa. Sannan ta rubuta sunanta a rajista.

Rajista ita ce kundin da Windows take rubuta sha'aninta a ciki: wace manhaja aka girka, wace ce za ta tashi idan an kunna, wace ce za ta buɗe hoto, wace firinta aka haɗa. Ta fara bayyana 'yar ƙarama a Windows 3.1 a 1992, daga Windows 95 kuma ta zama rumbun kusan duk saituna. Ainihin fayilolinta suna C:\Windows\System32\config da sunaye irin su SYSTEM da SOFTWARE, kowane mai amfani kuma yana da nasa mai suna NTUSER.DAT. Waɗannan ba a taɓa su da hannu, ko da wasa.

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, don shi ne zai ja ragamar sauran bayanin. Mafi yawan abin da manhaja take bari a rajista ba ya cutar da komai. 'Yan layuka ne cikin kundi mai ɗaruruwan dubbai, kuma Windows ba ta karanta kundin nan daga bango zuwa bango, kai tsaye take zuwa layin da take nema. Don haka ragowar ba ta sa kwamfuta nauyi. Dalilan da za su sa in buɗe rajista kaɗan ne: sunan manhaja ya maƙale a jeri ya ƙi fita, ko saƙon kuskure yana fitowa idan an kunna, ko sabuwa ta ƙi shiga, ko an cire an sake girkawa amma matsalar da ta sa aka cire ta dawo. Idan babu ɗaya daga cikinsu, ka yi matakan farko ka tsaya, aikinka ya cika.

Mataki na farko: shiri

Duba wutarka. Laftof ɗin da batirinta ya mutu, irin waɗanda muke saye na hannu, kada ka fara wannan aiki da ita sai kana da tabbacin janareto ko sola. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar cirewa, manhajar takan tsaya rabi a ciki rabi a waje, kuma irin wannan ita ce mafi wahalar fitarwa.

Sai ka kwashe abin da yake naka. Manhajojin lissafin kuɗi, na sakamakon jarabawar ɗalibai, na rajistar marasa lafiya, da yawa a cikin foldarsu suke ajiye bayanai. Buɗe manhajar, nemi inda take fitar da kwafi, ka ajiye a filash. Idan kuma saye ka yi da kuɗinka, rubuta lambar lasisin a takarda, ka duba ko akwai wurin sakin lasisin daga wannan kwamfuta, saboda wasu kamfanoni suna ƙirga adadin kwamfutocin da aka yi amfani da lamba ɗaya.

Abu na uku shi ne madogarar komawa baya. Danna Start, rubuta Create a restore point, ka buɗe. Zaɓi faifan C. Sau da yawa za ka tarar kariyar a kashe take, sai ka danna Configure, ka zaɓi Turn on system protection, ka ba ta ɗan wuri a faifan. Dawo ka danna Create, ka sa mata suna da ranar da ka yi. Minti ɗaya ko biyu ne. Wannan tana ɗaukar hoton rajista da fayilolin Windows yadda suke a yanzu. Kada ka yi tsammanin Windows tana ajiye maka kwafin rajista da kanta: tun daga fitowar 1803 ta Windows 10, a 2018, foldar RegBack da aka saba dogaro da ita ta daina cika, fayilolin ciki fanko ne.

Mataki na biyu: fitar da ita ta ƙofa

Rufe manhajar tukuna. Duba kusa da agogo, a ƙasan allo ta dama, ko alamarta tana ɓoye a can, ka danna maɓallin dama na maus a kanta ka fita. Sannan haɗa Ctrl da Shift da Esc don buɗe Task Manager, ka tsayar da duk abin da yake ɗauke da sunanta.

A Windows 10 shiga Settings, Apps, Apps & features. A Windows 11 wurin ana kiransa Installed apps. Ni dai na fi son tsohuwar hanya: haɗa maɓallin Windows da R, rubuta appwiz.cpl, danna Enter. Tana aiki tun daga Windows 7 har zuwa 11, kuma tana nuna sunan kamfanin da ya yi manhajar da ranar da aka girka ta a jere. Rubuta sunan kamfanin a takarda daidai yadda yake, za ka buƙace shi nan gaba, saboda ragowar sau da yawa da sunan kamfani ake ajiye ta. Danna kan layin ranar girkawa ya jera maka su bisa kwanan wata. Duk abin da ya shiga rana ɗaya da manhajarka kuma ba ka san shi ba, mai yiwuwa tare suka shigo. Manhajojin kyauta sun saba jawo 'yan rakiya.

Zaɓi manhajar, danna Uninstall, ka karanta kowane shafi kafin ka wuce. Idan ta tambaya ko a goge saituna da bayananka, amsa mata da i, tunda ka riga ka kwashe naka. Idan ta tambaya ko a goge fayil ɗin da take tarayya da wasu manhajoji, ce mata a'a.

A jerin nan za ka ga Microsoft Visual C++ Redistributable har kala biyar ko goma masu shekaru daban-daban. Mutane da yawa suna ganin maimaici ne su share. Bar su duka. Kowace mai yiwuwa akwai manhajar da ta jingina da ita, kuma ba sa cin wuri sosai.

Da ta gama, sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart. Wannan ba a tsallake shi. Akwai fayilolin da suke riƙe a hannun Windows, sai lokacin tashi ake iya goge su. Restart nake nufi, domin Shut down a Windows 10 da 11 yakan adana wani ɓangare na Windows don ta yi saurin tashi.

Idan ta ƙi fita

Nan ne matsalar ɗalibin nan take. Ya goge foldar, kuma a cikin foldar ne ɗan fayil ɗin da yake cire manhajar yake zaune. Magani mafi sauƙi, wanda mutane suke mamaki idan na faɗa: sake girka manhajar, fitowa iri ɗaya, a wurin da take da, sannan ka cire ta ta ƙofa. Girkawar tana mayar da abin da ya ɓace, cirewar kuma ta kwashe komai a tsare.

Idan hakan bai yiwu ba, Microsoft suna da wata 'yar manhaja a shafinsu na taimako mai suna Program Install and Uninstall troubleshooter. Tana nuna maka jeri, ka zaɓi wadda ta maƙale, ta gyara rubutunta a rajista.

Manhajojin rigakafin bairos sha'aninsu daban ne. Da gangan aka gina su su yi taurin kai, don kada ɓarawo ya cire su cikin sauƙi, kuma saiwarsu tana shiga can cikin Windows. Kada ka yi kokawa da su da hannu. Manyan kamfanonin kowanne yana da abin cirewa nasa: McAfee suna da MCPR, Avast suna da Avast Clear, Kaspersky suna da kavremover, Norton suna da Remove and Reinstall. Sauke daga shafin kamfanin kansa. Laftof na hannu da ake kawo mana sukan zo da irin wannan rigakafi da wa'adinsa ya ƙare, yana zaune yana hana wani shiga, kuma biyu a kwamfuta ɗaya su ne suke sa ta tafiyar hawainiya. Wasu daga cikin abubuwan cirewar za su nemi ka shiga Safe Mode, yanayin da Windows take tashi da abubuwan dole kaɗai. Riƙe Shift ka danna Restart, sai ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4.

Mataki na uku: foldoji

Yanzu shara. Haɗa Windows da R, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana duba kowanne:

%ProgramFiles%
%ProgramFiles(x86)%
%ProgramData%
%AppData%
%LocalAppData%

A kowane wuri nemi folda mai sunan manhajar ko na kamfaninta. Idan sunan kamfani ka gani, buɗe ka leƙa. Kamfani ɗaya yakan tara manhajojinsa da yawa a folda ɗaya, kamar Adobe ko Google, sai ka goge ta wadda ka cire kaɗai. Duba har cikin Programs da ke %LocalAppData%, don wasu sababbin manhajoji can suke zama gaba ɗayansu. Goge da Delete kawai, kada ka haɗa da Shift, ka bar su a kwandon shara na mako guda.

A nan ake samun wuri na gaske. Na sha ganin manhajar gyaran bidiyo ta bar gigabayit da yawa a AppData bayan an cire ta. Ga mai faifan 128 GB wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma idan manhaja ta lalace ka cire ka mayar amma lalacewar ta dawo, galibi saitunan da ke AppData ne suka jira ta.

Idan folda ta ƙi goguwa wai ana amfani da ita, alama ce wani abu nata yana gudana har yanzu. Wuce mataki na gaba ka dawo.

Mataki na huɗu: masu tashi da asuba

Saƙon kuskure lokacin kunnawa da nauyin kwamfuta daga nan suke fitowa, shi ya sa nake ba wannan mataki muhimmanci fiye da bin rajista layi-layi.

Wurare uku ne. A Task Manager akwai shafin Startup. Sai services.msc, inda 'yan aikin bayan fage suke. Sai taskschd.msc, inda ake tsara ayyukan da suke farkawa bisa lokaci. Biyun ƙarshen nan ta Windows da R ake buɗe su. Kana iya bin su ɗaya-ɗaya, amma akwai abin da yake tara maka su wuri guda, sunansa Autoruns. Kyauta ne, daga rukunin Sysinternals na Mark Russinovich da Microsoft suka saya a 2006, kuma ba ya buƙatar girkawa. Yana cikin filash ɗin da ba na rabuwa da shi.

Buɗe shi ta hanyar Run as administrator. A Options tabbatar an sa alama a Hide Microsoft entries. A akwatin tacewa da ke sama rubuta sunan manhajar, sannan na kamfanin. Layin da aka yi wa fenti rawaya, aka rubuta File not found, shi ne ɗan hayan da ake ta sallama da shi ba ya nan. Cire alamar da ke gefensa. Hakan kashe shi ne kawai, idan ka ga matsala ka mayar da alamar. Bayan ka sake kunnawa komai lafiya, dawo ka goge layin. Ka kula, ba kowane rawaya ba ne naka. Akwai waɗanda haka suke zuwa a kowace Windows. Wanda yake ɗauke da sunan da ke takardarka kaɗai za ka taɓa.

Idan wani ɗan aikin bayan fage ya rage a services.msc, danna shi sau biyu, tsayar da shi, ka kwafi abin da aka rubuta a Service name, ba dogon sunan da ke jeri ba. Buɗe Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta wa Windows umarni, da ikon administrator, rubuta sc delete, ba da tazara, sa sunan, danna Enter. Idan a PowerShell kake, sc.exe za ka rubuta, domin sc kaɗai wani umarni ne daban a can.

Mataki na biyar: rajista

Idan har yanzu ɗaya daga cikin dalilan nan da na lissafa yana nan, to bismillah. Windows da R, rubuta regedit, amsa Yes.

Ta hagu za ka ga manyan rassa biyar: HKEY_CLASSES_ROOT, HKEY_CURRENT_USER, HKEY_LOCAL_MACHINE, HKEY_USERS da HKEY_CURRENT_CONFIG. Biyu kaɗai ne namu. HKEY_CURRENT_USER na wanda ya shiga kwamfutar yanzu ne, HKEY_LOCAL_MACHINE kuma na kwamfutar baki ɗaya. Ƙananan rassan suna kama da foldoji, abin da ke cikin kowane reshe yana fitowa ta dama a layi-layi.

Ka riƙe wannan da kyau: regedit ba ta da kwandon shara, ba ta da komawa baya. Da ka goge ya tafi nan take. Don haka kafin ka goge kowane reshe, danna maɓallin dama a kansa, zaɓi Export, ka ajiye a wata folda da ka buɗe a Desktop, da suna mai ma'ana. Zai fito da fayil mai ƙarewa da .reg. Idan abu ya lalace, danna fayil ɗin sau biyu ka amsa Yes, reshen ya koma wurinsa. Wasu suna fitar da rajistar gaba ɗaya a fayil guda su ce sun yi ajiya. Ranar mayarwa Windows takan ce ba ta iya rubuta komai da komai ba, saboda wasu rassan suna aiki. Ƙaramin kwafi na reshen da za ka taɓa ya fi shi amfani.

Akwai layin adireshi a saman regedit a Windows 10 da 11, kana iya rubuta hanya a ciki ka danna Enter. Fara da saitunan manhajar:

HKEY_CURRENT_USER\Software
HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE
HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\WOW6432Node

Na ukun nan gidan manhajoji masu 32-bit ne a kan Windows mai 64-bit, kuma shi aka fi mantawa. A kowanne nemi sunan kamfani, buɗe, nemi sunan manhaja a ƙarƙashinsa. Export, sannan Delete. Reshen kamfanin kansa sai idan babu komai a ciki, kuma ba ka da wata manhajar tasu.

Sunan da ya maƙale a jerin cirewa yana ɗaya daga cikin waɗannan:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall
HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\WOW6432Node\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall
HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall

Nan sai da haƙuri. Rassa da yawa ba su da suna, dogayen lambobi ne da haruffa cikin lanƙwasassun baka. Danna na farko, ka riƙa sauka da kibiyar kibod, idonka yana dama a kan layin DisplayName har ka ga sunan da kake nema. Kafin ka goge, duba layin UninstallString. Shi ne umarnin da Windows take bayarwa idan ka danna Uninstall. Idan ya fara da MsiExec, gwada wannan tukuna: a Command Prompt na administrator rubuta msiexec /x, tazara, sannan doguwar lambar tare da bakanta. Sau da yawa hakan yana cire manhajar da kyau. Idan bai yi ba sai ka yi Export ka goge reshen. Ka sani goge wannan reshe suna kawai yake cirewa daga jeri, ba ya taɓa fayilolin manhajar, shi ya sa ya zo bayan sharar foldoji.

Masu tashi idan an kunna suna nan, ga wanda bai yi amfani da Autoruns ba:

HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run
HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run

A nan hattara ta ninku. Layi ɗaya da ke dama za ka goge, wanda yake nuna hanyar foldar da ka cire. Reshen Run kansa da ke hagu ba a goge shi. Dubi inda shuɗin zaɓi yake kafin yatsanka ya sauka a kan Delete.

Akwai kuma bincike. Danna Computer a can sama, haɗa Ctrl da F, rubuta sunan manhajar, ka riƙa danna F3 don wucewa gaba. Yana da amfani idan sunan na daban ne. Idan gajere ne ko kalma ce gama-gari, zai kawo maka abubuwa barkatai da ba su da alaƙa da ita. Mafi yawan abin da za ka gani tarihi ne kawai, Windows ta rubuta cewa an taɓa buɗe abu kaza, kuma barinsa ba ya komai. HKEY_CLASSES_ROOT kuwa ina ba kowa shawara ya ratse ta. Idan matsalarka ita ce fayil yana neman buɗewa da manhajar da ka cire, danna dama a kan fayil ɗin, Open with, zaɓi wata ka sa ta zama ta dindindin. Idan sunanta ne ya rage a jerin da ke fitowa in an danna dama, shafin Explorer na Autoruns yana cire shi.

Batun masu wanke rajista

Ina yaron shago, wata Hajiya mai wurin buga takardu ta kawo kwamfutarta wai ta yi nauyi, ana tsakiyar rajistar jarabawa, lokacin da ɗalibai suke layi tun safe. Maigidana ba ya nan. Na sauke wata manhajar wanke rajista, ta yi bincike ta ce ta gano kurakurai sama da dubu, duk da jan rubutu. Na danna gyara duka, ban ajiye kwafin komai ba. Da kwamfutar ta tashi, sikana ta daina aiki, manhajar rubutu kuma ta ƙi buɗewa. Har dare muna kai da maigida, a ƙarshe sai da muka sake girka Windows. Hajiya ta yi asarar cinikin yini guda a lokacin da ta fi samu a shekara. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗana, da ka bar mini ita da nauyinta." Har yau maganar nan tana raina. Maigida ya zaunar da ni ya ce duk abin da ban iya karanta sunansa na faɗi aikinsa ba, kada in goge shi daga kwamfutar mutane.

Garin neman gira ake rasa ido. Waɗannan manhajoji hasashe suke yi, kuma adadin da suke nunawa don tsoratarwa ne, wasu ma sai ka biya kafin su "gyara". Microsoft da kansu sun fito fili sun ce ba sa goyon bayan amfani da masu wanke rajista. Sannan duk manhajar da ka ba ikon shiga rajista ka ba ta makullin gidanka ne. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa mugun abu cikin fitowar 5.33 ta CCleaner, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta daga hanyar kamfanin ta halal kafin a gano.

Masu taimakon cirewa irin su Revo Uninstaller, Geek Uninstaller da Bulk Crap Uninstaller ajinsu daban, kuma ina amfani da su. Suna fara kiran abin cirewa na manhajar, sannan su nemo ragowar wannan manhaja ɗaya su jera maka. Amfaninsu ya fi yawa idan tun farko da su ka fara. Sharaɗin dai yana nan: a Revo zaɓi bincike matsakaici, karanta jerin, sa alama a kan abin da ka gane kawai.

Wani lokaci akan zo mini da buƙatar in share rajista don manhajar gwaji ta kwana 30 ta koma farko. Ba na yi. Haƙƙin masu ita ne, kuma kusan kowane aiki akwai ta kyauta da za ta yi shi, kamar LibreOffice ga mai rubutu da lissafi. Manhajar da aka fasa kuwa, wadda aka ce sai ka kashe rigakafi kafin ka girka, ba ka san abin da ya shigo tare da ita ba, kuma matakan nan duka ba su ba ka tabbacin ya fita. Idan kwamfutar da kake shiga banki da ita ce, kwashe fayilolinka ka sake girka Windows.

Saura ƙananan wurare biyu. Buɗe birauzarka ka duba ƙarin da aka liƙa mata, a Chrome rubuta chrome://extensions, ka cire wanda ba kai ka sa ba, ka duba shafin farko da injin bincike ko an sauya su. Idan kuma manhajar firinta ka cire, direbanta, wato abin da yake haɗa firintar da Windows, yakan zauna. Windows da R, rubuta printui /s /t2, zaɓi tsohuwar firintar, danna Remove.

Gwaji, da abin yi idan an samu matsala

Yi Restart. Jira kwamfutar ta gama tashi, ka ga ko saƙo zai fito. Buɗe abubuwan da kake aiki da su kullum, buga shafi ɗaya a firinta, shiga intanet, kunna sauti. Idan wani abu ya canza, je foldar nan ta Desktop ka mayar da fayilolin .reg ɗaya bayan ɗaya, kana farawa da na ƙarshe. Idan hakan bai warware ba, Windows da R, rubuta rstrui, zaɓi madogarar da ka ajiye da farko. Ba ta taɓa takardunka da hotunanka, amma za ta iya dawo da manhajar da ka cire, sai ka sake bin matakan a hankali. Idan Windows ta ƙi tashi sam, bayan ta gaza sau biyu ko uku a jere takan kai ka shuɗin allon gyara da kanta, System Restore yana cikin Advanced options.

A laftof ɗin ɗalibin nan abu uku muka tarar: reshe ɗaya a Uninstall na WOW6432Node, layi ɗaya a Run yana kiran fayil ɗin da ya zubar, da wani ɗan aikin lasisi a services.msc. Na sa shi ya yi Export ɗin da hannunsa, ya goge da hannunsa, ina tsaye a kansa. Sabuwar manhajar ta shiga kafin kiran sallar azahar. Na nuna masa foldar fayilolin .reg guda biyu a Desktop, na ce ya bar ta har Litinin mai zuwa, idan bai ga komai ba ya goge ta tare da abin da ke kwandon shara.